Edward Cole: Baƙon da ya je haƙar zinare ya ɓige da gina daular littattafai a Ostireliya

Babu mai shagon da ke maraba da mutumin da zai shigo ya ɗaga kaya, ya jujjuya, ya cinye lokaci, sannan ya kama hanya bai sayi komai ba. Amma a birnin Melbourne na ƙasar Ostireliya an yi wani ɗan kasuwa da ya tara dukiyarsa ta hanyar gayyato irin waɗannan mutane. Ya jera musu kujeru a cikin shagonsa, ya kafa allo yana sanar da su cewa su zauna su yi karatu iya son ransu, babu wanda zai ce musu su saya. Sunansa Edward William Cole, mutumin Ingila ne da ya sauka a ƙasar a shekarar 1852 ba shi da jari, ba shi da dangi, ba shi da takardar makaranta. Shagon da ya kafa, Cole's Book Arcade, ya kai matsayin da ake lissafa shi cikin manyan shagunan littattafai na duniya a zamaninsa.

An haifi Cole ranar 4 ga Janairu, 1832, a ƙauyen Woodchurch da ke yankin Kent a kudu maso gabashin Ingila, a gidan talakawa masu ci da guminsu. Karatun da ya samu a makaranta bai taka kara ya karya ba. Yana saurayi ya nufi Landan neman abin yi, a 1850 kuma ya hau jirgin ruwa zuwa yankin Cape na Afirka ta Kudu, inda ya taɓa aikin gona. Bai daɗe a can ba labarin zinare ya iske shi.

A 1851 aka gano zinare a yankin Victoria, wanda Melbourne ce hedikwatarsa, a lokacin yana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Jama'a suka yi ta kwarara daga Turai, Amurka da ƙasar Sin. Yankin da ke da mutum kimanin 77,000 a 1851 ya haura 500,000 cikin shekara goma. Cole ya sauka Melbourne a watan Nuwamban 1852, yana da shekara 20, ya wuce filin haƙa na Forest Creek kusa da garin Castlemaine.

Haƙar ba ta karɓe shi ba. Sai dai ya lura da abin da dubban masu diga da shebur ba su kula da shi ba: a filin zinare ba kowa ke dacewa ba, amma kowa na jin ƙishirwa. Ya ajiye diga ya koma haɗa ruwan lemo yana sayar wa mahaƙa. Daga nan har ƙarshen rayuwarsa, sana'arsa ita ce karantar taron jama'a, ya gane abin da suke buƙata kafin su furta.

Daga teburin abinci zuwa rumfar littattafai

Kafin ya kai ga littattafai ya yi ɗan yawo. A ƙarshen 1861 shi da wani mai ɗaukar hoto, George Burnell, suka shiga kwalekwale a garin Echuca suka bi Kogin Murray, tafiyar fiye da mil dubu da ta ci watanni. Suna tafe suna ɗaukar hotunan bakin kogi da na 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar, Cole kuma yana tattara irin tsirrai, waɗanda ya kai wa Ferdinand von Mueller, shugaban lambun tsirrai na Melbourne.

Da ya dawo birni sai ya kafa tebur a titin Russell yana sayar da gasasshen burodi mai nama a ciki da daddare. Da rana kuwa yana ɗakin karatu na jama'a, wanda aka buɗe a 1856, ɗaya daga cikin na farko a duniya da kowa ke shiga kyauta. A nan ya ba kansa ilimin da makaranta ba ta ba shi ba. Ya duƙufa kan tarihin addinai har ya rubuta littafi a kai, mai ɗauke da ra'ayoyin da suka saɓa wa koyarwar coci ta lokacin. Masu ɗab'i suka juya masa baya, daga baya shi ya buga abinsa da kansa. Wanda ya ɗanɗani daɗin karatun kyauta, ya kuma ga yadda masu harkar littafi ke rufe ƙofa, ba abin mamaki ba ne in ya buɗe shago ya bar ƙofarsa a wangale.

A 1865 ya kama rumfa a Kasuwar Gabas, wadda mutanen gari ke kira Paddy's Market, a kan titin Bourke, ya fara sayar da tsofaffin littattafai. Kasuwa ce ta kayan lambu, kaji da tarkace, mai hayaniya da 'yan wasa da masu maganin gargajiya, musamman daren Asabar. Manyan masu sayar da littattafai na birnin suna can a titunan masu hannu da shuni, inda lebura mai ƙura a takalmi ba zai yi gigin leƙawa ba. Cole ya kai littafi inda talaka yake cefane.

Zamani ma ya taimake shi. Tun 1856 magina a Melbourne suka ci nasarar rage aikin yini zuwa awa takwas, abin da ya bazu zuwa wasu sana'o'i, ma'aikaci ya samu lokacin kansa da yamma. A 1872 kuma gwamnatin Victoria ta kafa dokar da ta mayar da karatun firamare kyauta kuma dole. Ke nan duk shekara makarantu na yaye sababbin masu karatu, mafi yawansu 'ya'yan marasa ƙarfi. Kasuwa ce sabuwa fil, kuma Cole na cikin waɗanda suka riga kowa ganinta.

A ƙarshen 1873 ya tashi daga rumfa ya kama shago sosai a kan titin Bourke, ya raɗa masa suna Book Arcade. Ba da jimawa ba ya sa aka zana ƙaton bakan gizo a goshin ginin, wanda ya zama tambarinsa a kan allo, a bangon littafi da duk abin da ya fito daga hannunsa.

Gwanin talla

Cole bai ɗauki talla a matsayin jerin kaya da farashi ba. Yakan sayi fili a jaridar Herald ta Melbourne ya cika shi da labarai, barkwanci da muhawara, har mutane suka riƙa neman shafinsa kamar yadda suke neman labaran ranar. A 1873 ya yi ta buga wani labari kashi-kashi game da matafiyin da ya gano wata al'umma masu wutsiya a tsibirin New Guinea. Sunan da ya ƙirƙira a cikin labarin, Elocwe, sunansa ne, E. W. Cole, aka karanta daga ƙarshe zuwa farko. Masu karatu da dama sun hau sun zauna, kuma ƙarshen zancen shi ne a garzaya shagon Cole. A ma'aunin aikin jarida na yau wannan yaudara ce, ko da an yi ta da raha. A ma'aunin ciniki kuwa ta biya.

Hatta aurensa ta shafin talla ya bi. A watan Yulin 1875, yana da shekara 43, ya buga sanarwa a Herald cewa yana neman matar kirki, da tukwicin fam 20 ga duk wanda ya yi masa hanya. Ya zayyana halayen da yake so: mai gaskiya, mai haƙuri, mai tsafta, mai tattali, mai matsakaicin ilimi, mai son zaman gida, wadda ba ta almubazzaranci wajen ado. Ya kare kansa da hujjar cewa mutane na bincike mai zurfi kafin su sayi abin da bai kai ya kawo ba, amma su bar zaɓen abokin zama ga sa'a. Gari ya ɗauka, wasu na dariya, wasu na tsaki. Wata mata daga tsibirin Tasmania, Eliza Frances Jordan, ta amsa. Aka ɗaura aure a watan Agustan shekarar, suka haifi 'ya'ya shida, suka zauna tare kusan shekara 36 har mutuwa ta raba. Masu dariya dai ba su samu abin da suka yi hasashe ba.

A jajibirin Kirsimetin 1879 ya fitar da littafin da ya fi kowanne kawo masa kuɗi da suna, Cole's Funny Picture Book. Tarin hotuna ne, wasa ƙwaƙwalwa, kacici-kacici da gajerun waƙoƙin yara, mafi yawansu ya tsinto su ne daga wasu wallafe-wallafe ya tsara. A ciki akwai zanen wata na'ura ta barkwanci mai zane yara marasa ji da bulala a makaranta, wadda tsararraki da dama na 'yan Ostireliya suka tashi da ita a ka. Ya sa masa farashin sule ɗaya. Dattawan da suka ga kuɗin da aka kashe a Najeriya kafin zuwan Naira a 1973 sun san lissafin: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. An yi ta sake buga littafin shekaru da dama bayan rasuwarsa, aka sayar da dubban ɗaruruwan kwafi.

Darasin haya

A daidai wannan lokaci ne Cole ya gamu da abin da ya sauya masa lissafi. Majalisar birnin Melbourne ta rushe tsohuwar Kasuwar Gabas ta sake gina ta da kuɗi mai yawa, aka kammala a 1879. Amma 'yan kayan gwari da aka kwashe zuwa Kasuwar Sarauniya Victoria, wadda aka buɗe a 1878, sun riga sun kafu a can, suka ƙi dawowa. Sabon gini ya zama kufai. Cole ya karɓi hayar cikin kasuwar, ya rarraba rumfuna ga ƙananan 'yan kasuwa, ya kawo makaɗa da abubuwan kallo, wuri ya sake cika. Da wa'adi ya ƙare, shi da majalisar suka kasa daidaitawa kan sabunta yarjejeniya, ya tattara ya fita. Ya raya wuri, amfanin ya koma ga mai ƙasa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa farfaɗo da shagon haya, ya wayi gari mai gida ya ninka kuɗi, ya san wannan ciwo.

Cole ya nemi wani gini a ƙasan titin Bourke, kusa da babban gidan waya, a tsakiyar hada-hadar birni. Ya sa aka fasa cikinsa aka mayar da shi dogon zaure mai rufin gilashi, da baranda hawa biyu da ke zagaye shi, ginshiƙan tagulla masu ƙyalli da madubai ko'ina. Ya zaɓi ranar buɗewa da gangan: Talata, 6 ga Nuwamba, 1883, ranar gasar tseren dawaki ta Kofin Melbourne, wadda birnin ke tsayawa cik dominta. Ya yi shela cewa masu son sukuwa su tafi filin sukuwa, masu hankali kuma su zo wurin littattafai. Jama'a suka yi dafifi har sai da aka kira 'yan sanda. Da cunkoso ya yi yawa, aka koma sayar da wasu kwandaloli na musamman a bakin ƙofa kan taro, wato kwabo uku, wanda mutum zai iya cirewa daga kuɗin abin da ya saya a ciki. Da yawa ba su kashe nasu ba, sun tafi da su gida don tarihi, kuɗin ya zauna a aljihun Cole.

Yadda shagon ke kawo kuɗi

An tsara hawa uku bisa hikima. Ƙasa na sababbin littattafai ne, hawa na biyu na tsofaffi, na sama kuma na tangaran, gilasai da kayan ƙawa. Ma'aikata na sanye da jajayen kwat domin a hango su daga nesa. A bakin ƙofa akwai wasu mutum-mutumi biyu na yara matuƙan jirgin ruwa, suna juya wata na'ura da ke bayyana alluna ɗaya bayan ɗaya, ɗauke da talla da gajerun saƙonni. Da shekaru suka tura, shagon ya yi ta haɗiye gine-ginen maƙwabta. Aka ƙara lambun tsirrai masu son inuwa inda mutum zai huta, kejin tsuntsaye, kejin birai, ɗakin madubai masu karkata siffar mutum, sashen kayan wasan yara, sashen kayan rubutu da na kiɗa, ɗakin shan shayi irin na Sin, da wata kazar ƙarfe da ke yin ƙwan gwangwani mai ɗauke da alawa ko ɗan abin wasa in an jefa mata kwabo. Makaɗa na tashi kowace rana da la'asar.

Mai kallo daga nesa zai ce wannan ai gidan wasa ne. Amma kowane abu a ciki yana da aikin da yake yi wa ciniki.

Littafi kaya ne da ba a sanin daɗinsa sai an buɗe. Mai sayen atamfa yana gani da ido ya taɓa da hannu, mai sayen littafi kuwa sai ya karanta shafi biyu ko goma kafin ransa ya kama. Shagon da ya hana buɗe littafi ya hana mai saye dalilin saye. Cole ya gane cewa mutumin da ya zauna ya karanta babi uku ya riga ya shiga hannu: ko ya saya yau, ko ya dawo gobe, ko ya ba wani labari. Wanda kuma ba shi da ko sisi a yau, ɗalibi ne ko ɗan koyon sana'a, nan da shekara biyar yana da albashi, kuma ya san shagon da bai taɓa korarsa ba. Kujerun nan jari ne da ake cin ribarsa a hankali.

Birai da makaɗa kuma maganin wata matsala ce ta daban. Mutum ba ya buƙatar littafi kullum kamar yadda yake buƙatar burodi, saboda haka dole a ba shi dalilin shigowa ko da bai yi niyyar saye ba. Yaro zai ja mahaifiyarsa zuwa kallon biri, hanyar kejin kuwa ta ratsa tsakanin kantocin littattafan yara. Da shagon ya miƙe daga titin Bourke ya ratsa Little Collins, a farkon ƙarni na 20 kuma ya ɓulla titin Collins, sai ya zama hanyar yanke ga masu tafiya a ƙasa tsakanin manyan titunan kasuwanci biyu na birnin. Akawu mai sauri zuwa ofis, ko wanda ruwan sama ya koro, duk sai sun bi ta gaban hajarsa. Manyan cibiyoyin kasuwanci na zamanin nan, masu haɗa kantuna da wurin cin abinci da filin wasan yara a ƙarƙashin rufi ɗaya, a kan wannan lissafi suke tafiya.

Sai batun farashi. Cole na sarin littattafai da yawa a lokaci guda, har da kwantan da masu ɗab'i na Ingila suka rasa yadda za su yi da shi, ya karya farashi ya sayar. Yana kuma buga nasa jerin littattafai masu araha da tambarin bakan gizo, ya ci ribar maɗaba'a ya ci ta mai shago. Riba kaɗan a kan kowane kwafi, ciniki mai yawa a kowace rana. Sashen tsofaffin littattafai ya ba shi damar cin kasuwa sau biyu a kan kaya ɗaya, domin wanda ya saya ya karanta yana iya dawowa da shi a saye, a sake sayar wa wani.

Tsarin yana da tsadarsa. Inda aka bar dubban mutane su yi ta ɗaukar kaya ba mai sa musu ido, dole a yi sata, dole wasu littattafan su yi datti su faɗi a daraja. Cole ya ɗauki wannan a matsayin kuɗin da ake biya kafin a samu amincewar jama'a, bai yarda a takura wa mutum ɗari saboda ɓarawo ɗaya ba.

Ya riƙa shelar cewa yana da littafi miliyan biyu, kuma shagonsa ne mafi girma a duniya. Wanda ya ƙirƙiro mutane masu wutsiya, a yi hattara da alƙalumansa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne shagon ya zama wurin da baƙo ba ya barin Melbourne bai leƙa ba, har marubuta irin su Rudyard Kipling da Mark Twain sun ziyarce shi a shekarun 1890. Ya kuma buɗe rassa a Sydney da Adelaide.

Gwaji mafi tsanani ya zo bayan shekarun bunƙasa na 1880, lokacin da farashin filaye ya yi tashin gwauron zabo a Melbourne sannan ya rikito. A 1893 bankuna da dama suka rufe ƙofa, attajiran da suka ci bashi suka zuba a filaye suka wayi gari ba su da komai. Shagon Cole ya tsallake. Mai sayar da kayan sule da taro ga dubban mutane ya fi mai jiran attajiri ɗaya juriya a ranar tsanani, kuma wurin da ake zama kyauta a sha kiɗa ya ƙara farin jini a lokacin da aljihu ya bushe. A cikin wannan tsakani ne iyalin suka yi babban rashi: 'yarsu Ruby ta rasu a 1890 tana da shekara takwas, sakamakon zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje. Cole ya sa waƙar tunawa da ita a bugun littafin yaransa da suka biyo baya.

Baƙon da ya tsaya wa baƙi

Da a nan labarin ya tsaya, da an ce gwanin talla ne kawai. Amma Cole ya yi amfani da shagonsa wajen yaɗa ra'ayin da zai iya korar masa masu saye. Kwandalolin da yake bugawa suna ɗauke da saƙonni kan amfanin karatu, daidaiton 'yan Adam da haɗewar duniya a ƙarƙashin gwamnati ɗaya, abin da ya yi hasashen zai tabbata kafin shekarar 2000. Yana kuma da ra'ayin cewa manyan addinai sun yi tarayya a koyarwar kyawawan ɗabi'u.

A wancan zamani akasarin Turawan Ostireliya, daga 'yan siyasa har ƙungiyoyin ƙwadago, sun haɗu a kan cewa ƙasar ta farar fata ce zalla. Da yankunan suka dunƙule suka zama tarayya ranar 1 ga Janairu, 1901, cikin dokokin farko da majalisa ta zartar akwai ta taƙaita shige da fice. Dabarar da aka yi amfani da ita ita ce jarrabawar shifta: jami'i zai karanta wa baƙo kalmomi 50 a cikin duk harshen Turai da ya ga dama, ya ce ya rubuta. In ana son hana Basine ko Ba'indiye shiga, ko da ya iya Ingilishi, sai a yi masa shifta da wani harshen da bai taɓa ji ba.

Cole ya fito fili ya yi adawa. Tun 1898 ya wallafa ƙasida mai suna A White Australia Impossible, yana kafa hujja da cewa ƙasa mai faɗi haka, wadda ke maƙwabtaka da ɗimbin al'ummar Asiya, ba za ta iya killace kanta ba, kuma launin fata ba ma'aunin daraja ba ne. A 1903 ya tafi Japan da iyalinsa ya yi watanni, ya dawo yana ƙara jaddada matsayinsa. Ba a saurare shi ba. Jarrabawar shifta ta ci gaba har 1958, manufar kanta kuma sai a 1973 aka kammala binne ta.

Ba a ce tunaninsa ya kuɓuta daga zamaninsa gaba ɗaya ba. Duniyar da yake mafarkin ta haɗe, da Ingilishi ya ɗauka za ta yi magana. Duk da haka, ɗan kasuwar da abincinsa ke hannun jama'a, ya tsaya a bainar jama'a ya ce musu sun yi kuskure a kan abin da suka fi riƙo da shi, ya yi abin da 'yan kasuwa ƙalilan ke yi. Shi kansa baƙo ne da ya sauka da hannu biyu aka bar shi ya nemi arziki, kuma bai ga dalilin rufe wa na bayansa ƙofa ba.

Bayan mai shago

Iyalin sun daɗe suna zaune a saman shagon, Cole na sauka ya zaga cikin jama'a da dogon farin gemunsa. Bayan rasuwar Eliza a 1911 ya koma wani katafaren gida, Earlsbrae Hall, a unguwar Essendon, inda ya ci gaba da harhaɗa littattafai. Ya rasu ranar 16 ga Disamba, 1918, yana da shekara 86, makonni biyar bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, yaƙin da ya yi wa mafarkinsa na haɗin kan duniya mummunan lahani.

Shagon bai wuce shekara 11 a bayansa ba. Ragama ta koma hannun amintattun da aka damƙa wa dukiyar, ciniki ya yi ta ja da baya. Zamani ma ya juya: gidajen silima sun cika gari, rediyo ya shigo a shekarun 1920, kazar ƙarfe da madubin barkwanci ba sa jan taro kamar da. Filin da shagon ke kai, a ƙirjin birni, ya kai darajar da cinikin littafi ba zai iya biya ba. Sannan akwai abin da ba a rubuta shi a takardar wasiyya. Kujerun kyauta, birai da makaɗa, a idon akanta duk asara ce da ya kamata a yanke. Mutum ɗaya ne ya san yadda suke komawa riba, kuma shi ke da ikon cewa a bar su ko da lissafin wata bai nuna ba. Harkar ta ginu ne a kan hali da basirar mai ita, ba a samu wanda ya gaji wannan ba.

A 1929 aka rufe Cole's Book Arcade aka sayar da kadarorin. Kamfanin G. J. Coles, wanda duk da kamannin suna ba shi da dangantaka da Cole, shi ya sayi ginin titin Bourke ya kafa kantinsa a wurin. Wannan kamfani ne ya zama Coles, ɗaya daga cikin manyan kantunan sayar da kayan masarufi biyu da suka mamaye Ostireliya a yau.

Gidansa na Essendon ya koma makarantar 'yan mata mai suna Lowther Hall. Mutum-mutumin yaran nan biyu da kazar ƙarfe suna gidan tarihi na Melbourne. A lungun Howey Place, wanda Cole ya rufa da gilashi da ƙarfe a 1896 domin masu ratsawa zuwa shagonsa, rufin na nan har yanzu a saman kantunan tufafi. A 2020 marubuciya Amelia Mellor ta fitar da ƙagaggen labarin yara mai suna The Grandest Bookshop in the World, wanda ta gina a kan shagon da 'ya'yan Cole, a shekarar kuma Richard Broinowski ya wallafa tarihin rayuwarsa mai suna Under the Rainbow.